Wayar da ke kulle ma ana iya buɗe ta
Jawabi ga iyalan da suka samu mafaka a Tamale



Da yawa a cikinku kun baro gida ba ku ɗauko komai ba sai waya. A cikinta akwai hotunan takardunku, kuɗin MoMo, da lambobin dangin da suka rage a Burkina. Shi ya sa muka tara ku yau.

Akwai na'urorin bincike da ake haɗawa da waya ko tana kulle. Wadda ta fi suna ita ce UFED, ta kamfanin Cellebrite na Isra'ila. Takan kwafe saƙonni, hotuna, sunayen waɗanda aka kira da wuraren da aka je, wani lokaci har abin da aka goge. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoton cewa jami'an tsaron Ghana suna da irinta. Ana kama masu laifi da ita, amma ba ta bambanta mai laifi da wanda ya gudo.

Doka tana tare da ku. Sashe na 18 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana a taɓa sirrin saƙonnin mutum sai bisa doka. A Ingila ma, a 2022, kotu ta ce ƙwace wayoyin masu neman mafaka gaba ɗaya ba bisa ƙa'ida ba ne.

Ga abin da muke roƙonku. Ku mai da lambar sirri ta zama shida ko fiye. Mai huɗu, hanyoyi 10,000 kawai za a gwada, mai shida kuwa 1,000,000. In za ku yi tafiya mai nisa, ku kashe wayar, don wadda aka kashe ta fi wuyar buɗewa. Kada ku ajiye bidiyon 'yan bindiga da ake turowa a WhatsApp, ana iya ɗaukarku nasu. In kuwa shaida ce ta abin da ya koro ku, ku fara nuna mana kafin ku goge.

In jami'i ya karɓi wayarku, kada ku yi jayayya. Ku tambayi sunansa da ofishinsa, ku nemi takardar karɓa, sannan ku sanar da mu a ranar.

Lambobin dangi kuma, ku rubuta su a takarda tun yau. Allah ya tsare mu.