Jawabin Edita ga Ajin Mata: Gahawar Maraba

Yau labarin wasu manoma na ƙasar Ruwanda na kawo muku.

A 1994 an yi kashe-kashe a ƙasar. Mata da yawa suka rasa mazajensu. Aka bar su da marayu da 'yan bishiyoyin gahawa, wato kofi. A 1999 manoman yankin Maraba suka kafa ƙungiya, zawarawa da yawa a ciki. Sunan kamar na Hausa, amma nasu ne.

A da, ɗanye da nunanne ake haɗawa, a sayar da araha. Sai suka sake dabara. Jajayen 'ya'ya kaɗai suke tsinka, su kai wurin wanki a ranar. A ɓare, a wanke, a shanya a kan gadaje, ba a ƙasa ba. Sannan a tsince marasa kyau da hannu. Ɓawon kuma ya koma gona ya zama taki.

Aiki ne ja, amma 'yan kasuwar Amurka da Ingila sun saya da daraja.

A wurin wankin, sai an auna kayan kowa an rubuta. Wadda ba ta karatu, sai abin da aka gaya mata. Don haka gobe lambobin sikeli za mu koya. Kowa ta zo da fensirinta.