Hannun da ke Riƙe da Baka



Na ga wasu sun fara murmushi da jin kan maganata, don a ganinsu baka kayan maharban ƙauye ne, ba na wanda ya zauna aji ba. To, mutumin Haɗeja ba shi da dalilin raina baka. Sarki Buhari, wanda ya rasu a 1863, ba da dawakai kaɗai ya gagari maƙwabta ba, har da 'yan baka. A watan Afrilu na 1906 kuwa, da takubba da masu da kibau Sarki Muhammadu da jama'arsa suka tari bindigogin Turawa har ya yi shahada.

Sai dai kibiyar kakanninmu ta kyauro ce, an shafe bakinta da dafin kwankwani. Ko ƙwarzane ta yi, dafi ya ƙarasa aiki. Watau dafi yakan rufa wa mai harbi asiri. A filin gasa babu dafi. Harbin baka ya koma cikin wasannin Olamfik a 1972, kuma a yau daga mita 70 ake harbi, zoben tsakiya mai maki goma faɗinsa santimita 12.2 kacal.

Masu lissafi, ku duba. Daga hannun baka zuwa haɓar mai harbi wajen santimita 70 ne, watau kashi ɗaya cikin ɗari na nisan filin. Ashe in hannun ya gusa da milimita ɗaya, kibiya ta kauce da kamar santimita goma, ta fita daga zoben. Mutane suna kallon hannun da ke jan tsarkiya, alhali hannun da ke riƙe da baka shi ke yanke hukunci.

Babban laifin ɗan koyo shi ne damƙe baka kamar ƙotar fartanya. Yatsu masu damƙa murɗa baka suke yi daidai lokacin sakin kibiya. Abin da ake so, baka ya zauna kan tsokar da ke gindin babban yatsa, sauran yatsu a sake, nauyin jan tsarkiya ya danna shi cikin tafi. 'Yan gasa har ɗan zare suke ɗaurawa a yatsu don kada ya faɗi, gama ba su riƙe shi ba sam.

Gwiwar hannu kuma a juya ta waje, lanƙwasarta ta daina kallon sama. Wanda ya ƙi, tsarkiya za ta koya masa da bulala. Shatar kan kwana uku.

Kafaɗa ce wurin da na fi so mu tsaya. Da an ja tsarkiya, sai ta nemi hawa wajen kunne. In ta hau, tsoka ce ke ɗauke da nauyi, tsoka kuwa gajiya take yi, ta yi rawa, a ƙarshe ta bar mutum da ciwon da ba ya jin shafa. In ta kwanta, ƙashin hannu ya yi layi ɗaya da kafaɗun biyu, nauyin ya sauka kan ƙashi, kamar yadda azara ke ɗaukar rufin soro ba ta nishi. Ku dafa bango da tafi, ku kwantar da kafaɗa, ku jingina, za ku ji bambancin. Baka mai tauri fiye da ƙarfinka shi ke tura kafaɗa sama, saboda haka a fara da mai laushi ko da abokai za su yi dariya.

Bayan saki, kada a sauke hannu don leƙen inda kibiya ta nufa. A bar shi miƙe sai an ji ƙarar dirarta.

Wurin gwaji, buhun ƙaiƙayi jikin katanga ya isa, taku biyar da farko, a tabbata ba kowa a baya. Tsuntsayen dausayin Baturiya dai baƙi ne, wasunsu daga Turai, a ƙyale su.