Jawabin Shugaban Taro a Bikin Ƙaddamar da Faifan Waƙoƙin Zumuntar Mata



Baba Rabaran Sakataren Gunduma, fastocinmu da masu bishara tare da iyalansu, Mai Girma Hakimi da dagatai da masu unguwanni da suka rufa masa baya, wakilin Shugaban Ƙaramar Hukuma, Mama Shugabar Zumuntar Matan Ekklesiya ta gunduma da 'yan kwamitinta, dattawa, ƙungiyar mawaƙa, matasa, 'yan Brigade maza da mata, maƙwabtanmu Musulmi da suka bar harkokinsu suka amsa gayyata, 'yan jarida, 'yan'uwa maza da mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Iyayenmu mata sun yi aikin da ya kamata a faɗa a gaban jama'a. Sun sayi kwanon rufin majami'a, sun biya wa marayu kuɗin makaranta, sun buɗe ajin ɗinki da na haɗa sabulu, sun koya wa tsofaffi karatu, sun zaga asibitoci da gidajen makoki da kwanon abinci a ka. Yau kuma ga faifai. Allah ya saka muku, iyayena.

Kowa a nan ya san inda waƙoƙin nan suka fito. A watan Afrilun 2014 'yan ta'adda suka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyarmu ta EYN ne. Gwoza ta faɗa hannunsu, Madagali da Michika suka bi. A ƙarshen Oktoba aka shiga Mubi da hedkwatarmu ta Kwarhi, shugabanni suka koma Jos da zama, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao. Na je gaishe da mutanenmu a Yola a wancan lokacin. Ranar Lahadi mata suka tashi waƙa, babu tulu, babu ganga, babu caki. Wata baiwar Allah ta jawo jarkar ruwa tana bugawa da tafin hannu. Wadda ke ba da waƙar kuwa ba ta san inda mijinta da 'ya'yanta biyu suke ba. Hawaye na zuba har kan zanenta, amma muryarta ba ta karye ba, ƙafafunta kuma suna taka rawa. Wanda bai san Allah ba zai ce ta zautu ne. Ni na san a wurin wa ta samo ƙarfin.

Haka Bulus da Sila suka yi a kurkukun Filibi, da tsakar dare, bayansu duk shatar bulala. Haka Rabaran Lawan Andimi na Michika ya yi a watan Janairun 2020, yana hannun waɗanda suka kama shi: duniya ta gan shi a bidiyo yana gode wa Allah, fuskarsa a sake. Ba mu ɗauki makami mun rama ba, kuma ikilisiyarmu da aka dasa a gindin tsamiya a Garkida a 1923 ta cika shekara 100 a 2023 da ranta.

Ku samarin da ke bakin ƙofa, ku sa wayoyin nan a aljihu. Iyayenku ne suka goya ku suka hau dutse da ku, yau ranarsu ce.

Yanzu bari in ajiye takardar nan, domin abin da zan faɗa ba a rubuta mini shi ba. Maganar alkawarin kuɗi ce. Mun maida ƙaddamarwa wurin neman tafi. Mutum ya karɓi makirfo, ya ambaci adadin da zai sa mata su yi guɗa, a buga masa tulu, a raka shi kujerarsa da rawa. Bayan wata shida Mama ma'aji tana yawo gida gida da littafinta, tana biyan kuɗin mashin daga ɗaurin zanenta, ana ce mata maigida ya yi tafiya. Ta kira waya, ba a ɗauka. Na ga littafin wata ƙaddamarwa da aka yi a baya, sunaye reras, gefen da ake rubuta an biya kuwa fari fat. Wannan ya ƙona mini rai, kuma har yanzu yana ƙona mini. Alkawari kaya ne, balle wanda aka ɗauka a cikin majami'a. A gaban Allah ka buɗe baki, ba a gaban Mama ma'aji ba.

Kuɗin faifan nan na gwauraye ne da marayu. Gwauruwa ta ji ka ambaci adadi, ta koma gida ta ce wa ɗanta zai koma makaranta. Wa zai je ya gaya wa yaron nan cewa wasa kake yi? Na san rayuwa ta yi tsada, buhun taki ya gagari manomi, kowa yana ji a jikinsa. To, faɗi abin da kake iyawa. Mai naira ɗari biyar a hannu ya fi mini mai miliyan a baki. Matan nan sun yabi Allah ba su da ko tabarma, mu da muka kwana a ɗakunanmu ba mu da hujjar yi masa ƙarya. Baba Rabaran, ina roƙonka da girmamawa, yau kada a rubuta bashi. Wanda ya zo da kuɗi ya ajiye, wanda zai tura ta waya ya tura kafin a yi addu'ar rufewa, ga lambar asusu a jikin allo.

Nawa yana cikin ambulan ɗin nan. Mama ma'aji, zo ki ƙirga a gaban jama'a.

Da wannan nake ƙaddamar da faifan waƙoƙin Zumuntar Mata, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Iyayena mata, ku ɗauko tuluna, ku ba mu ta farko.