Hadarin Gabas da Manomin Yammacin Zamfara



Mu 'yan Anka da Bukkuyum da Gummi mun tashi mun tarar da iyayenmu suna karanta sama kamar allo. Idan shamuwa ta dawo, gawo ya fara zubar da ganye, sun san damina ta ƙarato. Idan hadari ya haɗo daga gabas, iska mai sanyi da ƙura ta riga shi isowa, sai a kwashe shanya, a kora dabbobi gida.

Ilmin zamani bai ƙaryata su ba. Iskar damina tana kwaso laima daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, zafin rana ya ɗaga ta sama ta zama gajimare, sa'an nan iskar sama ta turo hadarin daga gabas zuwa yamma. Amma ido iyakarsa inda ya hango. Manomin Gummi ba ya ganin ruwan da aka zuba can gabas, alhali kuwa duk Gulbin Zamfara zai kawo masa shi har ƙofar gida.

Mun ga haka a marka ta 2024. A watan Agusta ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. A watan Satumba kuma kwalekwale ya kife da manoma a kan hanyarsu ta zuwa gona, aka yi asarar rayuka. Allah ya ji ƙansu.

To, ina maganin? Hukumar NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. Hukumar NIHSA kuma tana bayyana wuraren da ake tsoron ambaliya. Labarin yana nan, isa ƙauye ne ba ya yi.

Wannan aikinmu ne. Mu roƙi ƙananan hukumomin nan uku su kafa ma'aunin ruwan sama a kowace makarantar sakandare, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya sauka. Wanda ya ga gulbi ya cika a Anka ya buga waya Gummi. In mun je hutu, mu kai hasashen ga hakimai da limamai da sarakunan ruwa, mu kuma saurari abin da dattawa suka sani.

Saukar da ruwa na Allah ne, amma shiri namu ne. Tun ran gini, tun ran zane.