Zaɓen Mai Jinyar Tattaunawa da Abin da Majinyaci Zai Tarar



Gabatarwa

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dokar ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi, a rufa masa asiri, a kuma nemi yardarsa kafin a yi masa magani. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa mai neman jinyar tattaunawa yana da haƙƙin zaɓe da tambaya, domin samun sauƙinsa ya rataya ƙwarai a kan amanar da ke tsakaninsa da mai jinyarsa.

Su wane ne masu wannan aiki?

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙware a wannan fanni, kuma shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yana gwaji da jinya ta hanyar tattaunawa, ba ya rubuta ƙwaya. Akwai kuma nas-nas na ɓangaren ƙwaƙwalwa da jami'an walwalar jama'a. Ana samunsu a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Likitocin ƙwaƙwalwar ƙasar nan ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Wannan ƙarancin ne ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa.

Yadda za a zaɓa

Matambayi ba ya ɓata. Majinyaci ko danginsa su tambayi mai jinya inda ya yi karatu, hukumar da ta yi masa rajista, irin matsalolin da ya saba dubawa, kuɗin kowane zama, da tsawon lokacin da yake hasashe. Ƙwararre ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Harshe ma abin dubawa ne, domin wanda zai faɗi abin da ya daɗe yana cin ransa ya fi sakewa da harshen da ya tashi da shi. Mace tana da damar neman mace 'yar uwarta. Mai addini yana da haƙƙin samun wanda zai girmama sallarsa da addu'arsa. Jinya ba ta hana addu'a, addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti.

A guji duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana kaɗan, ko ya ce a jefar da maganin likita, ko ya nemi wata alaƙa da ta wuce ta aiki. Duka da ɗaure mutum da mari zalunci ne. Ba mu manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka kuɓutar daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a Satumban 2019 ba.

Abin da za a tarar

Zaman farko na sauraro ne: yaushe abin ya fara, yaya barci da cin abinci, yaya zaman gida, ko tunanin kashe kai ya taɓa zuwa. Kowane zama yakan ɗauki kusan awa guda, sau ɗaya a mako. Hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, takan ɗauki zama 6 zuwa 20, kuma ana ba majinyaci aikin gida, kamar rubuta tunanin da ke zuwa masa idan fargaba ta taso, a zo a tantance shi tare. Mai jinya ba zai yanke maka hukuncin ka saki matarka ko ka bar aikinka ba. Zai taimake ka ka ga zaɓin da ke gabanka. Wani lokaci zuciya takan ƙara nauyi a makonnin farko saboda an taɓo tsohon miki, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce. Sirrinka yana nan a rufe, sai fa idan rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari.

A 1979 Edward Bordin ya bayyana ginshiƙai uku na alaƙar majinyaci da mai jinyarsa: yarda a kan manufa, yarda a kan aikin da za a yi, da shaƙuwar amana. Idan an yi zama da dama majinyaci bai ga waɗannan ba, ya faɗa a fili, idan kuma ba a gyara ba ya nemi wani.

Kammalawa da shawarwari

Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna tun 1954 a Aro, Abeokuta, cewa jinya ta fi tasiri idan dangi suna kusa. A Zimbabuwe kuma Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna sauraron masu ciwon damuwa a kan benci a harabar asibitocin unguwa. Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohinmu su horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko a wannan aiki, asibitoci su liƙa haƙƙoƙin majinyaci da Hausa inda kowa zai gani, malamanmu kuma su riƙa tura masu buƙata wurin ƙwararru. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.