Zarto Bai San Hannun Maigidansa Ba

Mai girma shugaban taro, malamanmu na sashen koyar da sana'o'in hannu, iyayenmu shugabannin kafintoci da 'yan walda da suka rufe shagunansu suka zo, ɗalibai maza da mata.

Ɗazu a bakin ƙofa na tsaya ina gaisawa da jama'a, kuma cikin hannayen da na riƙa, biyu yatsunsu ba su cika ba. Masu su dattawa ne, irin waɗanda da ido kawai suke gane falankin da ya karkace. Ban tambaye su yadda aka yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya fara riƙe inji jiya da wuya ka ga ya rasa yatsa, domin tsoro na tsare shi. Wanda ya shekara ashirin yana yanka shi ne abin ya fi samu. Ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Kakanninmu masassaƙa da gizago suka yi aiki, kafintocin farko kuma da zarton hannu. Waɗannan kaya suna da ladabi ɗaya: inda hannu ya tsaya, nan suke tsayawa. Faifan zarto mai juyawa ya zo da wata ɗabi'a daban. Tun 1777 wani Bature mai suna Samuel Miller ya yi rajistar injin da ke aiki da irin wannan faifai a Ingila, na hannun da muke ɗauka zuwa wurin gini kuwa Edmond Michel ne ya ƙera shi a Amurka a farkon shekarun 1920, daga nan aka sami samfurin Skilsaw. Yau ko'ina ka leƙa, daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, kukansa kake ji.

Bari mu yi ɗan lissafi, don shi ne tushen maganata. Zarton hannu da aka fi samu, faifansa inci 7 da kwata ne, yana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya. A ce haƙoransa 24. Ke nan haƙori 2,000 ke wucewa ta wuri guda a daƙiƙa ɗaya, bakin faifan kuma yana gudun da ya haura kilomita 170 a awa. Lafiyayyen mutum, daga ganin abu zuwa janye hannu, yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A wannan ɗan tsakanin haƙori 400 sun wuce. To wanda yake cewa shi yana da zafin nama, ya gaya mini inda zafin naman zai shiga a lissafin nan. A Amurka, hukumar da ke sa ido kan ingancin kayan masarufi ta ƙiyasta cewa zarton tebur kaɗai yana kai mutum sama da 30,000 asibiti duk shekara, kuma kusan 4,000 daga cikinsu yanke gaɓa ne. Su da injinansu ke fitowa daga kwali da murfi da takardar gargaɗi ke nan.

Tunda hannu ba zai tsere wa faifai ba, duk kariyar da za ka samu kafin ka taɓa makunni za ka same ta. Hatsarin ma tun kafin a kunna inji ake shirya shi.

Yawancin mutane suna zaton hatsarin zarto shi ne hannu ya je ya sami haƙori. Akwai wannan. Amma wanda ya fi shammatar gwanaye shi ne abin da nake kira tutsu, irin na doki. Faifai in yana yanka, hanya yake buɗa wa kansa, 'yar siririyar tsaga da ta ɗan fi kaurin jikinsa faɗi. Muddin tsagar na buɗe, lafiya lau. Da ta rufe ta matse shi, sai haƙoran baya su ciji katakon, ƙarfin inji kuwa dole ya sami inda zai tafi. In zarton hannu ne, shi zai yi tsalle ya dawo baya, ga cinya ko hannun hagu a kan hanyarsa. In na tebur ne, falankin zai taso ya daki ciki ko fuska, wani lokaci ya fizgi hannun da ke dafe da shi ya kai kan haƙora.

Me ke rufe tsagar? Na farko shi ne abin da muke gani kullum a wurin gini: a ɗora falanki kan bulo biyu, ɗaya nan ɗaya can, a yanka a tsakiya. Yanka na nisa, falankin na lotsawa, ɓangarorin biyu su haɗe su kama faifai kamar awartaki. Yadda ya kamata shi ne a tallafi dogon ɓangaren sosai, guntun da za a cire ya zama a sake yake, ya faɗi abinsa. Sai ɗanyen katako. Da yawa daga abin da manyan motoci ke kawo mana daga kudu bai gama bushewa ba, kana tsaga shi yana murɗewa. Sai faifan da ya dakushe, wanda sai ka danna da ƙarfi, katako na hayaƙi yana baƙi. Sai ƙusar da ta ɓuya a tsohon katakon da aka ɓalle daga zubin dakin. Kuma kada a saki faifai ya zurma ƙasa gaba ɗaya. A daidaita shi yadda abin da zai leƙo ƙarƙashin katako ba zai wuce tsayin haƙori ɗaya ba. Kai kuma ka tsaya daga gefe, kada jikinka ya yi saiti da layin yanka.

A nan ina da magana da 'yan'uwana 'yan walda, don ku ne kuke ƙera mana teburan zarto na gida: firam na ƙarfe, mota, bel, faifai. Aikin yana kyau, yana kuma rufa wa mutane da yawa asiri. Amma na duba da yawa ban ga wuƙar baya a jikinsu ba. Ita wannan wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa daf da bayan faifai, aikinsa ya riƙe tsagar a buɗe. Kaurinsa ya ɗan fi jikin faifan, amma kada ya kai faɗin tsagar. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce tazararsa da haƙora a saman tebur kada ta wuce milimita 8. Guntun ƙarfe ne da noti biyu. Don Allah ku riƙa sawa ko mai aiki bai nema ba, ku kuma rufe bel ɗin. Kafinta kuma ya yanko wa kansa sandar turi daga ragowar katako, tsawonta kamar santimita 45, da ɗan gurbi a bakinta. Santimita 30 na ƙarshen kowane yanka, ita za ta tura.

Akwai wata al'ada da ta shigo wadda ba ni da wani sassauci a kanta: ɗaura faifan zarto a jikin giranda. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, sama da ninki biyu na zarto. Kafin babban faifai ya shiga ma sai an cire murfinta. Ba ta da gindin da za ta zauna a kan katako, a iska kake riƙe da ita, in ta ciji kuwa fuska da wuya take nufa. Kowane faifai an rubuta iyakar juyin da zai ɗauka a jikinsa, faifan yankan ƙarfe har da ranar da wa'adinsa zai ƙare a zoben tsakiya. Mu riƙa dubawa kafin mu ɗaura.

Sai matsalar da mu muka fi kowa saninta, wato ɗauke wuta. Shekarun baya akwai wani shago da nake yawan zama. Makunnin zartonsu ya lalace, maimakon a sake wani sai aka haɗa wayar kai tsaye. Murfin ƙasa kuma, wanda ya kamata ya koma ya rufe haƙora da kansa, an ɗaure shi sama da waya, wai yana hana ganin layi. Ran nan ana cikin yanka aka ɗauke wuta. Yaron shago ya ajiye zarton a ƙasa, haƙora na taɓa siminti, ya fita shan iska. Ba a jima ba ƙanwarsa ta kawo abinci, ta durƙusa tana kwance ɗaurin kwano. Sai muka ji yara a waje suna ihun an kawo wuta. Zarton ya taso a guje a kan siminti kamar an kore shi, ya bi ta kan silifa ɗinta. Har yau ina tuna yadda tuwon ya watse cikin dusar katako. Allah ya taƙaita, ƙafar ta tsira, amma ɗinki ya yi yawa, kuma ta daɗe ba ta taka ta ba. Da za ka tambayi mutanen shagon, wuta za su ɗora wa laifi. Ni na ƙirga abu uku da mutane suka yi da hannunsu tun kafin wutar ta dawo.

Saboda haka in an ɗauke wuta ko janareta ya mutu, a kashe inji, a zare fulogi. Manyan injina a sa musu makunnin da ke sakin kansa in wuta ta yanke, wanda ba ya tashi sai an sake dannawa. In za ka canza faifai, fulogin ya kasance a inda idonka ke ganinsa, in na batir ne batirin ya kasance a aljihunka. Tsirarar waya da ake cusawa a soket a tokare da tsinken ashana, wannan wasa ne da wuta mai ƙarfin bolt 230, ga gumi, ga damina. Akwai ɗan akwatin da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum, mai lamba miliamfiya 30. Kowane shago ya kamata ya mallake shi.

Tufafi kuma: hannun kaftani, carbi a wuyan hannu, bakin rawani, duk abincin faifai ne. 'Yan'uwana mata ku cusa mayafi cikin rigar aiki. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar katako, amma kusa da abin da ke juyawa a cire ta, don in haƙori ya kama zare ɗaya, da hannun zai tafi. Tabarau kuwa ba a sasantawa a kansa.

Akwai ɓarnar da ba ta zubar da jini, shi ya sa ba a kula ta. Ƙarar da kunne zai jure awa takwas ita ce desibel 85. Zarto yana kaiwa 100 har ya wuce, kuma a 100 ɗin minti 15 ne ƙa'ida. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ƙurar katako kuma, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar hanci tun 1995, kuma ƙurar obeche da iroko sanannu ne wajen tayar da asma. Toshin kunne da takunkumi mai kama fuska su ne maganin.

Ɗalibai sukan tambaye ni labarin zarton da ba ya yanka mutum. Gaskiya ne akwai shi. Wani masanin kimiyya a Amurka, Steve Gass, ya ƙirƙiro shi a 1999, sunansa SawStop. Ana sakar wa faifan 'yar wuta kaɗan. Da fata ta taɓa shi sai injin ya ji canji, ya harba birkin alminiyam cikin haƙora, faifan ya tsaya ya nutse ƙasa cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Abin sha'awa ne. Sai dai yana da tsada, duk harbi ɗaya sai an sake birki, jiƙaƙƙen katako ma yana iya ruɗa shi. Mu a nan wuƙar baya da sandar turi su ne abin da hannunmu zai kai.

Iyayena masu shaguna, ku gafarce ni, nauyin yana wuyanku. Yaron da uwarsa ta kawo muku amana, abin da ya ga kuna yi shi zai yi. In ya ga oga ya ɗaure murfi da waya, ya ɗauka haka gwanaye suke yi. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk wani ɓangare mai hatsari na inji, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mun yi imani da ƙaddara, kuma in abu ya faru muna cewa Allah ya kiyaye gaba. Amma a gama jaje tukuna, sannan wani ya je ya kwance wayar nan daga jikin murfin.

In kuma abin ya riga ya auku, a fara kashe inji. A danne ciwon da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Kada a zuba baƙin mai, ko fetur, ko toka, ko dusar katako. In yatsa ya fita, a nemo shi, a naɗe shi da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, ledar kuma a sa ta cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, don za ta kashe shi. Daga nan sai babban asibitin da ke da likitocin ƙashi da tiyata, irin na Dala a Kano, ba tare da an biya ta kemis ba, domin awoyi ake ƙirgawa. A kuma tuna wa likita allurar rigakafin sarƙe haƙora.

Na zo da zarto ɗaya da wuƙar baya da sandar turi, suna kan tebur a ɗakin gwaji. Bayan sallar Azahar za mu haɗu a can in nuna yadda ake daidaita zurfin faifai, 'yan walda kuma ku zo da abin awo ku ɗauki girman wuƙar.