Tarihin Ƙofar Fadar Damagaram

 

Yau za mu yi magana bisa wani fili mai dogon tarihi. Shi ne filin da ke gaban gidan Sarkin Damagaram, cikin unguwar Birni, a Zinder. Ana ce da shi ƙofar fada. Ku biyo mu sannu, ku ji yadda iko ya zauna a wannan fili, da yadda ya tashi daga gare shi.

Da farko ku dubi inda Damagaram take. Gabas da ita akwai Barno. Kudu akwai Daura da Kano. Arewa kuma akwai Damargu da Abzin. Ke nan ƙasar bakin iyaka ce tun kafin Turawa su zo. Sarakunanta Barebari ne asali, kuma suna kai gaisuwa ga Shehun Barno. Amma cikin gari akwai Hausawa, da Buzaye, da Fulani, da Larabawa ƴan kasuwa.

A farkon ƙarni na 19, wato wajen shekara 200 da suka wuce, Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Ɗansa Tanimu shi ya ɗaukaka garin. Ya yi wajen shekara 30 bisa gadon sarauta, har ya rasu a 1884. Ya kewaye Birni da ganuwa. Ya tara dawaki da bindigogi. Ya sa maƙeran gari suna zuba masa igwa. Fatake kuwa suna sauka a Zango, arewa da Birni, bayan ganuwa.

A wancan zamani ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Agadas, ya sauka Zinder, sannan ya wuce Kano. Ana kawo tufafi da takarda da gishirin Bilma. Ana fita da fata da gashin jimina. Ana fita da bayi kuma, mutanen da aka kamo wurin yaƙi. Wannan ma tarihinmu ne, bai kamata mu ɓoye shi ba. Wani Bajamushe mai yawon duniya, Barth, ya sauka garin a ƙarshen 1852, ya rubuta abin da ya gani.

To, mene ne aikin ƙofar fada? A nan ake naɗin sarauta. A nan mai ƙara ke jiran a shigar da shi. Manzon wani sarki a nan yake sauka daga doki. In za a fita yaƙi, a nan mayaƙa ke taruwa. Ranar Salla, a nan mahaya ke kai jahi gaban sarki, ana busa kakaki da algaita. Maganar da aka faɗa a ƙofar fada da safe, kafin la'asar ta gama gari.

Sai Turawa suka ɓullo. A watan Afrilu na 1898 wani kyaftin na Faransa, Kazamaju, ya iso Zinder. Lokacin Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimu, shi ne sarki. Aka kashe kyaftin ɗin, shi da tafintansa. Da shekara ta kewayo, a watan Yuli na 1899, sojan Faransa suka zo da ƙarfi. Aka gwabza a Tirmini, yamma da gari. Damagaram ta sha kashi. Sarki ya fita daga Birni, aka bi shi aka kashe shi cikin wannan shekara.

Faransawa suka gina barikinsu bisa dutse, kusa da Birni, suka sa masa sunan Kazamaju. Daga ran nan umarni ya daina fitowa daga fada. Bariki ke faɗa, fada ta isar wa talakawa: haraji, da aikin tilas, da ɗaukar soja.

Sa'an nan aka zo ga maganar iyaka. Faransa da Ingila suka zauna can Turai suka raba ƙasa bisa takarda a 1898. Suka sake gyara rabon a 1904 da 1906, don Faransawa na son hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Zinder. Kano da Daura suka faɗa hannun Ingila, Zinder ta faɗa hannun Faransa. Hanyar da kakanninmu ke bi ba tambaya, yanzu iyaka ta gitta ta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar teku. Ayarin hamada ya ja da baya, Zango ya rage cika.

A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa da shirya masu tawaye. Suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa. Suka ba wani bafade, Ballama, riƙon gari. Shekara 17 Damagaram ba ta da sarki daga gidan sarauta. Sai a 1923 aka naɗa Barma Mustafa.

Ku lura da wani abu. Daga 1911 Zinder ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar. Amma a 1926 aka ɗauke hedikwata aka kai Yamai, wajen kilomita 900 yamma. Ƙarancin ruwa a Zinder na cikin dalilan. Ke nan iko ya tashi sau biyu: daga fada zuwa bariki, daga bariki zuwa bakin kogi.

Duk da haka ƙofar fada ba ta mutu ba. Me ya raya ta? Jama'a. Ba su bar zuwa gaisuwa ba. Ba su bar kawo rigimar gona da ta gado don a sasanta su ba. Ba su bar hawan Salla ba. Bayan samun ƴancin kai a 1960, tsohon barikin ma sunan Tanimu aka mayar masa. Wani ɗan garin, malamin tarihi Andre Salifu, ya rubuta littafin tarihin Damagaram, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo bisa Tanimu. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

Amma ginin ƙasa, in ba yaɓe, damina ke cinye shi. Ganuwar Tanimu ta zube, sai ɗan abin da ya saura. Labari ma haka yake: in tsoho ya tafi ba a tambaye shi ba, ya tafi da shi.

Don haka, jama'a, kowane gari na da tasa ƙofar fada, ko babba ko ƙarama. Ku je wurin tsofaffinku. Ku tambaye su: wa ya share wannan fili? Wane sarki aka naɗa a nan? Me ya faru a nan ranar da Turawa suka zo? Abin da kuka ji, ku rubuta shi ku ajiye wa ƴaƴanku.

Nan za mu dakata. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.